DARASIN WANNAN WATA: Motsa Jiki, Abinci Mai Kyau da Karatu ta Wayar Hannu ga Mata Masu Ƙaramin Ƙarfi

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Darasin wannan wata na iyaye mata ne, musamman masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a Samaru da Sabon Garin Zariya da unguwanni da ƙauyukan da ke kewaye da su, irin su Bomo da Basawa da Hanwa da Palladan da Muciya. Zai yi bayani a kan abubuwa uku: amfanin motsa jiki, yadda za a ci abinci mai kyau da ɗan abin da ke hannu, da kuma yadda wayar hannu za ta kai wannan ilmi har cikin ɗakin mace. Ana roƙon malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta shi tare da ɗalibansu kashi-kashi, a tsaya a tattauna, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

1. INA MATSALAR TAKE?

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar da babban bincike a kan lafiyar iyali a duk faɗin Nijeriya. An auna mata masu shekara 15 zuwa 49. A cikin kowace mata 100, an sami 58 da ƙarancin jini, 12 sun rame fiye da kima, 28 kuma nauyinsu ya wuce yadda ya kamata. A ɓangaren yara 'yan ƙasa da shekara 5, an sami 37 cikin 100 da suka tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba.

Waɗannan alƙaluma suna nuna cuta iri biyu a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Za a ga uwa mai jiki sosai tana fama da hawan jini, alhali ɗan da ke bayanta ya tsumbure. Ita kanta uwar, in an auna jininta, sai a tarar bai isa ba. Dalili kuwa shi ne cikinsu yana cika da tuwo da shinkafa da taliya, amma abubuwan da ke gina jiki da ƙara jini ba sa shiga tukunya yadda ya kamata.

Hawan jini da ciwon sukari ba sa yin sallama. Sukan daɗe a jikin mutum bai sani ba, sai ranar da suka kayar da shi da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko raunin gani, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya san abin da irin wannan jinya ke ci. Macen da jarinta bai wuce tukunyar ƙosai ba, in ta kwanta, jari ya tafi, karatun yara ma ya tsaya. Shi ya sa rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

2. ME YA CANZA A RAYUWAR MATA?

Sabon Gari ya bunƙasa ne bayan zuwan jirgin ƙasa Zariya a wajen shekarar 1911. Samaru kuwa ƙauyen manoma ne da aka kafa wa gonar gwaji a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962. Tun daga nan wuraren biyu suka yi ta cika suna zama birni, aikin mata kuma ya yi ta canzawa.

A da mace takan tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta niƙa a dutse, ta ja ruwa a rijiya, ta faskara itace. Yau a cikin gari inji ke surfe da niƙa da markaɗe. Mai garuwa ke kawo ruwa. Acaɓa da Keke Napep ke kai mutum inda a da ƙafa ke kai shi. Wannan sauƙi ne, kuma abin godiya ne. Sai dai jikin da aka ɗauke wa wahala yana nan yana bukatar motsi. Mai tireda a kasuwar Sabon Gari, da mai ɗinki, da mai kitso, da mai suyar awara a bakin titin Samaru, duk sukan wuni a zaune. Sukan gaji ƙwarai, amma gajiyar zama daban take da gajiyar motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata 34 cikin 100 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, maza kuma 29 cikin 100.

A nan akwai abin lura. Matar ƙauye da har yanzu take noma da roro da sussuka da daka da ɗaukar ruwa ta riga ta cika ma'aunin motsa jiki, har ta wuce. Abin da take bukata shi ne isasshen abinci da hutu, musamman in tana da ciki ko tana shayarwa. Kada malami ya ɗora mata wani sabon aiki da sunan wannan darasi.

Abinci ma ya canza. Taliyar leda da farar shinkafa da burodi da lemon kwalba da ɗunƙulen miya sun shiga kowane lungu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. In kuɗi ya yi kaɗan, abin da ake fara cirewa daga cefane shi ne kifi da nama da ƙwai da kayan marmari, a bar abin da zai cika ciki kawai.

3. MOTSA JIKI NAWA YA ISA?

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni. Ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, sannan ya yi abin da zai ƙarfafa damatsa da cinyoyi da baya aƙalla kwana 2 a mako.

Lissafin mai sauƙi ne. Minti 30 sau kwana 5 ya ba da minti 150. Wadda ba ta da minti 30 a jere sai ta raba: 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma.

Yaya ake gane matsakaicin motsi? Shi ne wanda zai sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugawa, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya magana da na kusa da shi. In magana ta gagara, an yi sauri da yawa, sai a sassauta.

Ba a bukatar filin wasa ko takalmi mai tsada ko tufafi na musamman. Ga abubuwan da kowace mace za ta iya:

(a) Tafiya da ɗan sauri zuwa kasuwa ko Islamiyya ko majami'a ko asibiti. In wurin da nisa, a sauka daga abin hawa kafin a kai, a ƙarasa da ƙafa. Ta haka ma an rage kuɗin mota.

(b) Matan da ke cikin kulle su zagaya tsakar gida, ko su yi tattaki a wuri ɗaya suna ɗaga gwiwa da kaɗa hannu, na tsawon minti 10.

(c) Shara da wanke-wanke da wanki da dakan yaji da jan ruwa, in an yi su da kuzari, duk suna cikin lissafi.

(d) Don ƙarfin cinya, a zauna a kan kujera a tashi ba tare da dafa komai ba, sau 10. A huta, a sake.

(e) Don ƙarfin hannu, a dafa bango da tafin hannu biyu, a karkata ƙirji zuwa bango, a turo kai baya, sau 10. Ko a cika gorar ruwa biyu a riƙa ɗaga su ana saukewa.

(f) Mai sana'ar zama ta riƙa miƙewa lokaci-lokaci, ta ɗan taka, kada ta wuni ƙafa a lanƙwashe.

Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 5 ko 10, tana ƙarawa kowane mako. Sannu sannu ba ta hana zuwa. A zaɓi sanyin safiya ko na yamma, musamman a watannin bazara, a kuma sha ruwa. Mai ciki mai lafiya ma an so ta samu minti 150 a mako, amma ta fara tambayar ma'aikaciyar awo. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinta na sarƙewa, ta tsaya nan take ta nufi asibiti.

Amfanin wannan ba zato ba ne. A 2002 an bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako, da gyaran abinci, da rage ɗan nauyi, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100.

4. ABINCI MAI KYAU DA ƊAN ABIN HANNU

Ɗaliban da suka daɗe a aji sun san abinci kashi uku ne: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. A 2016 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jagora da ya rarraba abincin mata gida 10, aka ce mace ta ci daga aƙalla gida 5 a wuni. Ga su:

1. Hatsi da saiwa: masara, dawa, gero, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali.
2. Wake, waken suya, gurjiya, awara.
3. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, agushi.
4. Nono da madara da kindirmo.
5. Nama, kaza, kifi, hanta.
6. Ƙwai.
7. Ganye mai duhun kore: zogale, rama, alayyahu, tafasa, yakuwa.
8. Masu launin ruwan ɗorawa: kabewa, karas, mangwaro, gwanda.
9. Sauran kayan lambu: kuɓewa, tumatir, albasa, kabeji, yalo.
10. Sauran 'ya'yan itatuwa: lemo, gwaiba, ayaba, kankana.

A duba wannan misali. Da safe koko da ƙosai: gida na 1 da na 2. Da rana faten tsaki da rama da dakakkiyar gyaɗa: an ƙara gida na 7 da na 3. Da dare tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa: gida na 9. An kai gida 5 ke nan ba tare da tsokar nama ko ɗaya ba. In an sami busasshen kifi ko mangwaro ɗaya, an kai 6 ko 7. Sai dai abin da aka ɗan barbaɗa don ɗanɗano kawai ba ya shiga lissafi.

Mutanen Zazzau suna da sa'a a nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta shafe shekaru tana inganta irin wake da gyaɗa da masara da dawa, shi ya sa sunayen waɗannan iri suke farawa da SAM, kamar SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa da SAMMAZ na masara. Har da masara mai launin ruwan lemo da ke ɗauke da sinadarin bitamin A. Hatsi da wake in sun haɗu a kwano ɗaya, kamar garau-garau ko ɗanwake ko dambu da wake, kowanne yana cike giɓin ɗan uwansa wajen gina jiki.

Sai abubuwa uku da ya kamata a rage:

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a wuni, watau kimanin cokalin shayi 1, har da wanda ke cikin miya da burodi da yaji. Ɗunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Mai zuba ɗunƙule 4 ta koma 2, ta cike da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. A riƙa sayen gishiri mai sinadarin aidin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993 don maganin maƙoƙo.

Sukari. Kada ya wuce cokalin shayi 12 a wuni, in ma an tsaya a 6 ya fi. Gorar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan ma'auni gaba ɗaya. Zoɓo da kunun zaƙi da aka yi a gida da ɗan sukari kaɗan sun fi, ruwa kuwa ya fi su duka.

Mai. A rage suya, a yawaita dafawa da turarawa da gashi. Alala ta fi ƙosai ƙarancin mai. A guji man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi.

Game da ƙarancin jini kuwa, wake da ganye da hanta da kifi suna ƙara jini. Cin lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir tare da abinci yana taimakon jiki ya tsotse sinadarin ƙarfen da ke ciki. Shan shayi a kan abinci yana rage wannan tsotsa, don haka a jinkirta shi. A jiƙa wake kafin a dafa don a rage zuba kanwa. Kada a dafa ganye har ya yi baƙi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar da su, domin suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta. Mai ciki ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo.

5. TUNANIN DA KE HANA RUWA GUDU

Sau da yawa mace takan san duk wannan amma ba ta aikata ba, saboda abin da ta taso tana ji. Ga kaɗan daga ciki.

"Ƙiba alamar hutu ce." Amarya in ba ta yi jiki ba sai a ce miji ba ya kula da ita. Wannan magana ta jefa 'yan mata da yawa cikin shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu magungunan asma ne da na kumburi, waɗanda shan su barkatai ke kumbura fuska da jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Ma'aunin da ya fi kallon ido shi ne tef ɗin tela. A auna ciki daidai saman cibiya. Ga macen da ba ta da juna biyu, in ya wuce santimita 80 sai a fara hattara, in ya wuce 88 haɗari ya ƙaru.

"Ganye abincin talaka ne." Akwai mai jin kunyar ba baƙo kwaɗon zogale, gara ta ci bashi ta sayo lemon kwalba. Alhali garin zogalen nan ana ƙulla shi a kwali ana sayarwa da tsada a manyan kantuna na ƙasashen Turai.

"Uwa ita ce ƙarshen ci." A gidaje da yawa akan zaɓa wa maigida tsoka, a ba yara, uwa ta kankare tukunya. Amma ita ce mai ɗaukar ciki da shayarwa da zubar da jini kowane wata, don haka bukatarta ta abin ƙara jini ta fi ta namiji. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

"Motsa jiki na maza ne da 'yan boko." Malaman addini sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mace tana iya motsa jikinta cikin suturarta da mutuncinta, a cikin gidanta, tare da 'yan uwanta mata.

Magidanta da surukai suna da babban rabo a nan. Maigida ne ke ba da kuɗin cefane da iznin fita, uwar miji kuma maganarta ke da nauyi a kan abin da mai ciki za ta ci. Duk darasin da ya tsallake su ba zai yi nisa ba.

6. WAYA A MATSAYIN AJI

Kai ilmi har gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, watau malamai mata masu zagaya ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu da ake kira 'Yan Taru. A zamanin yaƙi da jahilci na shekarun 1950, littattafan da ake bugawa a Zariya ne suka ɗauki wannan aiki, sannan rediyo. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yau kuma da wuya a sami gidan da babu ita. A 2020, lokacin kullen korona, ɗaliban Jihar Kaduna ta rediyo da talabijin suka ci gaba da ɗaukar darasi, mutane da yawa kuma suka fara karatu ta intanet.

Shin waya tana iya canza halin mutum? Ga misalai biyu daga maƙwabta.

A Jamhuriyar Nijar, a 2009 da 2010, an gwada wani shiri a azuzuwan manya na jihohin Doso da Damagaram. A wasu ƙauyuka an koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar waya, kowane rukuni na mutum 5 da waya ɗaya. Da aka yi jarrabawa, waɗannan ɗalibai sun fi sauran cin makin rubutu da lissafi.

A Jihar Bauci kuma an yi gwaji a kan mata masu ciki da ke cikin ƙungiyoyin ba da rancen sana'a, aka bayyana sakamakon a 2014. Ana yi musu darasin shayarwa a taronsu na wata-wata, an ba kowane ƙaramin rukuni waya ɗaya da ake turo wa saƙon murya da na rubutu, su kuma suna mayar da saƙon waƙa da wasan kwaikwayo. A cikinsu, 64 cikin 100 suka shayar da nonon uwa zalla har wata 6, a inda ba a yi shirin ba kuwa 43 cikin 100.

Abin da za a koya shi ne, a duka wuraren biyu ba a bar waya ita kaɗai ba. An haɗa ta da malami, da taro ido da ido, da 'yan uwa masu tuna wa juna. An kuma yi amfani da waya ɗaya ga mutane da yawa. Wannan ya dace da halin da ake ciki, domin mata da dama ba su da babbar waya, wasu ta maigida ko ta ɗa suke ara, ga tsadar data, ga matsalar wutar caji, ga kuma rashin iya karatu. Saƙon murya da Hausa yana magance ta ƙarshe, haɗa kai kuma yana sauƙaƙa sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. YADDA AJI ZAI KAFA NASA RUKUNI

Na farko, a haɗa mata 5 zuwa 10 da ke kusa da juna: 'yan aji ɗaya, ko 'yan adashi, ko 'yan Islamiyya, ko 'yan zumuntar mata. Na biyu, a zaɓi mai riƙon waya, amintacciya, da yardar maigidanta. Na uku, a nemi ma'aikaciyar lafiya ta asibitin unguwa ko malamar gona ta riƙa duba saƙo kafin a tura. Na huɗu, saƙo ya zama na murya a WhatsApp, kada ya wuce minti 2, magana ɗaya tak a mako. Inda babu data, a tura ta Bluetooth ko a sa a katin waya. Na biyar, a haɗu sau ɗaya a mako a saurara tare, a yi motsa jiki na minti 10, kowa ta faɗi abin da ta iya da abin da ya gagare ta.

Ga tsarin wata na farko:

Mako na 1: a je asibiti a auna hawan jini da nauyi, a rubuta a littafi. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce yana bukatar ganin likita.
Mako na 2: tafiya ko tattaki na minti 10 kullum.
Mako na 3: ƙirga gidajen abinci, a kai 5 a wuni.
Mako na 4: rage ɗunƙule da sukari da rabi, a ƙara tafiya zuwa minti 20.

Ga misalin saƙon da malama za ta iya turawa:

"Salamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Aikin wannan mako ganye ne. Kowace ta yi ƙoƙari ganye ya shiga tukunyarta kullum, ko rama ko zogale ko alayyahu. Inna, ke da kike da bishiyar zogale, a taimaka wa maƙwabta da reshen dashe. Ranar Asabar bayan la'asar kowa ta zo da littafinta. A gaida maigida da yara. Allah Ya ba mu lafiya."

8. HATTARA DA 'YAN DAMFARA

Hanyar da ilmi ke bi, ta nan ƙarya ma ke bi. Facebook da TikTok da WhatsApp cike suke da masu tallar shayin rage teɓa, da maganin ƙiba, da garin da wai yana warkar da ciwon sukari cikin mako ɗaya. A kiyaye waɗannan ƙa'idoji. Duk mai cewa a daina maganin asibiti a sayi nasa, a guje shi. Duk maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, kada a sha. Kada a tura wa baƙo hoton jiki, ko lambar sirri ta banki, ko lambar da aka turo ta saƙo. Mai hawan jini ko ciwon sukari ta ci gaba da shan maganinta, domin motsa jiki da gyaran abinci mataimakan magani ne. Waya ba ta awon jini, sai an je asibiti.

SABABBIN KALMOMI

Intanet: hanyar da ke haɗa wayoyi da kwamfutoci na duniya.
Data: abin da ake saya don waya ta hau intanet.
Giram: ma'aunin nauyi. Giram 1,000 shi ne kilo 1.
Santimita: ma'aunin tsawo da ke jikin tef ɗin tela.
Tsumburewa: rashin girman yaro saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki.

TAMBAYOYI

1. Mata nawa cikin 100 aka samu da ƙarancin jini a binciken 2018?
2. Yaya ake gane matsakaicin motsa jiki?
3. Wace mace ce ba ta bukatar ƙarin motsa jiki, kuma me take bukata?
4. A kawo abinci biyu daga gida na 7 da biyu daga gida na 8.
5. Me ya sa shirin Bauci ya yi nasara?
6. A faɗi alamu biyu na ɗan damfara a waya.

LISSAFI

1. Mace tana tafiyar minti 20 kullum, kwana 6 a mako. Minti nawa ke nan? Nawa ya rage ta kai 150?
2. Uwargida tana zuba ɗunƙule 4 a wuni, ta koma 2. Guda nawa ta rage a kwana 30?

AIKIN GIDA

Kowace ɗaliba ta rubuta abin da ta ci jiya tun daga safe har dare, ta ƙirga gida nawa ta taɓa cikin 10, ta kawo aji. Ɗalibai maza su karanta wa iyalinsu kashi na 4 da na 5, sannan su zauna tare su duba abin da za a iya sauyawa a cefanen gobe ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya da ilmi mai amfani, amin.